Ranar da Aka Yi Faɗa a Kan Suwaiba

Wata rana na je gidan gwaggona a Zariya karɓar aron madambaci.

Madambaci kawai. Ko zama ban yi niyyar yi ba, mai adaidaita ma na ce ya jira ni a ƙofa.

Ban bar gidan nan ba sai bayan la'asar, kuma har yau da nake rubuta muku wannan, madambacin yana can.

Bari in fara gaya muku wace ce Gwaggo Lantana.

Yayar babana ce, tsohuwar hedimasta. Tun da ta yi ritaya mutanen unguwa suka mayar da falonta wurin sulhu. Mata da miji in sun saɓa, ko sun rabu sun rasa yadda za su yi da yara, wurinta ake turo su kafin magana ta kai kotu.

Kullum tana faɗa musu tun daga farko: "Ni ba alƙali ba ce. Ba na yanke wa kowa hukunci. Ku za ku yanke, ni dai zan tabbata kowa ya ji kowa."

Tana da wani tsohon mafici na kaba. Wanda maficin yake hannunsa shi kaɗai ke magana. In ka sa baki ba maficin a hannunka, irin kallon da za ta yi maka ta saman tabarau, ko kai alhaji ne sai ka tuna aji uku na firamare.

To ina yin sallama ta leƙo ta ce, "Yauwa Zulai, Allah ne ya kawo ki. Sallami mai adaidaitan nan. Ga yara can a gindin gwaiba, zauna mini da su, ina da baƙi."

Gwaggo ba a yi mata musu. Na sallame shi, har da biyan kuɗin jira.

Baƙin nata wasu mata da miji ne. Na nemi izininsu kafin in ba da labarin nan, sun yarda, amma na canza sunaye. Bari mu kira mijin Malam Tukur, mai gyaran keken ɗinki. Matar kuma Barira.

Auren ya riga ya mutu, idda ma ta cika. Gwaggo ta tambayi kowannensu ko akwai sauran hanyar kome, kowa ya ce babu, ita kuma ba ta matsa ba.

Masu son gulma, kar ku cika mini akwatin saƙo da tambayar me ya raba su. Ban sani ba, kuma ko na sani ba zan faɗa ba.

Abin da ya kawo su shi ne yara. Wa zai riƙe wa.

Yaran uku ne. Na same su a kan tabarma. Jabir, ɗan shekara takwas haka, yana ta harbin gwaiba da takalmi. Auta Nusaiba tana cin gyaɗa tana watsa wa kaji ɓawon.

Sai babbar.

Ba za ta wuce sha biyu zuwa sha uku ba. Ta zauna a gefen tabarma ta naɗe ƙafa, hijabinta a goge, ta rungume wata 'yar jakar bakko kamar za a ƙwace mata.

Na ce, "'Yan mata, ya sunanki?"

Ta ce, "Suwaiba. Amma a gida Yayarsu ake ce mini."

Na ce, "To Suwaiba, wannan jaka fa? Tafiya za ki yi?"

Ta ce, "Kayana ne. Na haɗa su ne kawai."

Na tsinko mata gwaiba, ta karɓa da hannu biyu, ba ta ci ba.

Can ta matso kusa da ni, ta rage murya don kar ƙannenta su ji.

"Anti, a nan ne ake raba yara?"

Na ce, "Ba raba ku ake yi ba, shawara ake yi."

Ta ce, "To wanda ba a ɗauka ba fa? Ina ake kai shi?"



Na ce, "Wa ya ce miki akwai wanda ba za a ɗauka ba?"

Ta ce, "Ba wanda ya faɗa. Amma tun da aka fara rigimar nan nake ji. Abba ya ce Jabir nasa ne. Umma ta ce ba mai raba ta da Nusaiba. Wataran kuma su juya, Umma ta ce Jabir, Abba ya ce Nusaiba. Ni dai ban taɓa jin an zo kaina ba."

Ba kuka take yi ba. Da ma kukan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Faɗa kawai take yi kamar mai ba da labarin abin da aka koya musu a makaranta.

Ta ƙara da cewa, "Ba komai Anti. Na iya girki, na iya wanki. Duk inda aka kai ni ba zan zama musu nauyi ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A zuciyata na gama yanke wa iyayen nan hukunci, har na ɗaure su.

Daidai nan Gwaggo ta ƙwala mini kira in kawo zoɓo daga firij.

Na shiga da tire.

Barira tana zaune a gefe ɗaya, kusa da ita kawunta, Kawu Mati. Malam Tukur a ɗaya gefen, shi da baffansa, wani dattijo mai farin gemu, Baffa Haladu. Kowa ya zo da babbansa, kamar yadda aka saba.

Ina zuba zoɓo ina kasa kunne. Kar ku ga laifina, kofunan ne da yawa.

Maficin yana hannun Malam Tukur. Yana cewa, "Hajiya, Jabir namiji ne. Ya kamata ya tashi a gabana, ya ga sana'a."

Ya miƙa. Barira ta karɓa ta ce, "Hajiya, ban ƙi ta Abban Jabir ba. Amma yaron nan in bai ga Nusaiba ba ko abinci ba ya ci."

Ku lura da wannan. Abban Jabir take ce masa. Shi kuma Maman Jabir yake ce mata. Alhali Jabir ba shi ne na fari ba.

Gwaggo ta miƙa hannu aka ba ta maficin. Ta ɗan fifita, ta cire tabarau.

Ta ce, "Tun ɗazu nake sauraronku. Yara nawa Allah ya ba ku?"

Malam Tukur ya ce, "Uku ne, Hajiya."

"To ni biyu nake ta ji. Ta ukun fa?"



Ta miƙa wa Barira maficin. Barira ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Duk yadda manya suka yanke."

Aka miƙa wa Malam Tukur. Ya kalli silin, ya kalli takalminsa, ya gyara hular da ba ta karkace ba.

"Wannan ai… duk inda aka ga ya dace."

Baffa Haladu ya yi gyaran murya ya karɓi maficin. Ya ce tun da haka ne abin ya zo da sauƙi. Akwai ƙanwarsa a ƙauye, 'ya'yanta duk sun yi aure, gidan ya yi mata faɗi. A ba ta riƙon yarinyar, ta taya ta zama.

Kawu Mati ya ce, "Madalla. Wannan shawara ta yi."

Uwa ba ta ce uffan ba. Uba bai ce uffan ba.

Ni kuwa zoɓon da nake zubawa har ya cika kofi ya malala a tire. Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta aiko mini da kallon nan. Na haɗiye.

Ta ce, "Ba a yanke komai ba tukuna. Baffa, Kawu, ga shi an kira azahar. Ku je masallaci, ku ɗan huta a can, zan aiko a kira ku."

Da dattawan suka fita ta bi ni kicin.

Ban jira ta tambaya ba na zazzage mata duk abin da Suwaiba ta faɗa, har da jakar bakko. Na ce, "Gwaggo, waɗannan wane irin iyaye ne? Ana ba da 'yarsu kamar tsohuwar kujera suna kallo!"

Ta ce, "Ke auta ce, shi ya sa. Ba ki ga hannun uwar ba?"

Na ce, "Me ya samu hannun?"

"Tun da Baffa ya fara magana take murɗa bakin mayafinta, har zaren ya fara fita. Uban kuma ƙafarsa ke rawa. Wanda bai damu ba ba ya haka. Kara ce take cin su."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini.

Yaran zamani, ku matso in gaya muku. A gidajenmu da yawa, ɗan fari ba a nuna masa so a gaban mutane. Uwa ba ta kama sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta tare masa faɗa. In ana maganarsa sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Uba ma haka, musamman a gaban manyansa. Kunya ce, kuma a wurinsu tarbiyya ce.

Suwaiba 'yar fari ce.

Ga baffa a zaune, ga kawu a zaune. A cikin su biyun wa zai buɗe baki ya ce ita yake so?

Gwaggo ta ce, "Koma wurin yaran. Kar ki ce mata komai. Zan ga kowannensu shi kaɗai."

Haka take yi. In magana ta cije a taro, sai ta raba su, ta ji kowa a keɓe. Abin da ka faɗa mata a nan ba ya fita sai ka ce ya fita.

Na koma gindin gwaiba. Muka yi salla da yaran, na raba musu taliyar da na samu a tukunyar Gwaggo. Suwaiba sai da ta ga ƙannenta sun ƙoshi sannan ta ci.

Barira ce ta fara shiga. Ta daɗe. Da ta fito ta wuce bayan gida da buta, idonta jawur.

Sannan Malam Tukur. Shi da ya fito sai ya tsaya a zaure yana ta goge fuska da hula, wai zafi ake yi.

Can Gwaggo ta leƙo.

"Zulai, kawo mini babbar."

Suwaiba ta miƙe, ta ɗauki jakarta.

Na ce, "Ajiye jakar mana."

Ta ce, "A'a Anti, gara in riƙe."

Ta kama hannuna. Da muka shiga falon ba ta sake ni ba, Gwaggo ta tambayi iyayen ko in zauna, suka ce ba komai. Shi ya sa na ga abin da zan gaya muku da idona.

Gwaggo ta zaunar da ita kusa da ita.

Ta ce, "Suwaiba, ban kira ki don ki zaɓi uwa ko uba ba. Wannan ba kayan da za a ɗora wa yaro ba ne. Na kira ki ne ki ji wata magana. Iyayenki kowa ya gaya mini abu a ɓoye, kuma kowa ya ba ni izini in faɗa a gabanki."

Yarinyar ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

"In an zuba miki shinkafa a gida, me kike samu a ƙasan kwano?"

Suwaiba ta ɗan yi tunani. "Nama."

"Kullum?"

"Kusan kullum. Ina jin faɗawa yake yi wurin zubawa."

Gwaggo ta ce, "Nama ba ya faɗawa ƙarƙashin shinkafa da kansa, 'yar nan. Uwarki ke binne miki shi, babban yanka, don kar a gani a ce tana nuna son 'yar fari."

Suwaiba ta ɗago ta kalli uwarta. Barira ta ƙara jan mayafi.

"In an tashe ku daga makaranta, akwai babban titin da kike tsallakawa ko?"

"Eh."

"To akwai wani mai gyaran keke da yake rufe shagonsa kullum a daidai lokacin. Ya hau babur, ya je ya laɓe a bayan mai lemo, sai ya ga kin tsallaka lafiya sannan ya koma. Masu kawo masa gyara har sun san lokacin, ba sa zuwa."

Malam Tukur ya ce, "Hajiya, ai ba sai an…"

Ta ce, "Maficin yana hannunka ne?"



Sannan ta juya ga su biyun.

Ta ce, "Ke Barira kin ce mini kin ɗauka 'yar fari ta dangin uba ce, in kika nema za a ce ba ki da kunya. Kai Malam kuma ka ce yarinya ta fara girma, wurin uwa ya dace da ita, kuma ba za ka iya furta ta a gaban baffanka ba. Kowa ya bar wa kowa, saura kaɗan ta faɗi a tsakiya. Kun san me ke cikin jakar nan?"

Ta nuna jakar bakkon da ke cinyar Suwaiba.

"Kayanta ne. Ta haɗa su tun daga gida, don ta gama sanin ba mai ɗaukarta."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Barira, ta toshe baki da mayafi.

Gwaggo ta ce, "Kara abu ce mai kyau, ni ma da ita aka raine ni. Amma yau a falon nan na ba ta hutu. Dattawa suna masallaci, ba mai jin ku sai Allah sai mu."

Ta ɗora wa Barira maficin a cinya.

"Faɗi abin da kike so."

Barira ta daɗe tana juya maficin.

"Ni dai Hajiya… yarinyar nan…"

"Wace yarinya? Unguwar nan cike take da yara."

"Yayarsu."

"Yayar su wa? Ranar suna ba a raɗa mata suna ba ne?"



Wallahi ina jin bugun zuciyar yarinyar nan a tafin hannuna.

Sai Barira ta yaye mayafin daga fuskarta, ta kalli 'yarta ido cikin ido.

"Suwaiba."

Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi.

"Suwaiba nake so. Ko me za a ɗauka a ɗauka, a bar mini Suwaiba."

Kafin ta rufe baki Malam Tukur ya yi tsalle ya cafki maficin.

"Ina! Hajiya, wannan kuma ba zai yiwu ba! Suwaiba ai tawa ce. Ni na fara ɗaukarta a asibiti!"

Barira ta riƙe ɗaya gefen. "Kai ka ɗauka, ni na haifa!"

"Wa ya koya mata hawan keke?"

"Wa ya goya ta har ta yi ƙyanda ta warke?"

"Kamata ta ɗauko, kowa ya sani!"

"Hancin kawai! Sauran duk nawa ne!"

Wannan ya ja, wannan ta ja. Maficin Gwaggo, wanda ya ga rigingimu iri-iri bai taɓa ko tsagewa ba, sai ji muka yi ɓarak, ya rabe biyu. Kowa ya koma kujerarsa da rabi a hannu.

Na saci kallon Gwaggo, na ce yau za a ga hedimasta.

Ko motsi ba ta yi ba. Murmushi take yi, tana nuna mini gefena da haɓa.

Na juya.

Suwaiba dariya take yi.

Dariya sosai, har da riƙe ciki, hawaye na zuba har kan hijabi. Jakar bakko ta zame daga cinyarta ta faɗi ƙasa, ko kallonta ba ta yi ba.

Ta ce, "Anti, a kaina suke faɗa!"

Na ce, "A kanki ne, 'yar gari."

"Ki ji fa! A kaina!"

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin yaron da faɗan iyayensa ya faranta wa rai ba sai ranar. Na yi dariya, na yi kuka, kwallina duk ya zubo, ban damu ba.

Barira ta jefar da rabin maficin ta jawo 'yarta ta rungume. Malam Tukur ya tsaya a kansu ya rasa inda zai sa hannu, ƙarshe ya dafa kan yarinyar yana ta cewa, "Suwaiba. Kai, Suwaiba," kamar yau ya fara jin sunan.

Hayaniyar ce ta dawo da dattawa ba a aika ba.

Baffa Haladu ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu. "Subhanallahi! Me ya faru? Mun bar ku lafiya!"

Gwaggo ta ce, "Lafiya ce ta kawo haka, Baffa. Zauna."

Ta yi musu bayani a taƙaice. Kawu Mati ya kama haɓa yana cewa, "Ikon Allah, zamani!"

Na zaci Baffa zai yi faɗa. An kama sunan 'yar fari, an yi kokawa a kanta, ga shawararsa ta sha ruwa.

Ya daɗe yana kallon Suwaiba. Sannan ya sunkuya ya ɗauki rabin maficin da ke ƙasa, don shi ma ya san doka.

Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Har Inna ta koma ga Allah, 'kai wannan' take ce mini. Na san tana so na, amma da na ji ko sau ɗaya da na ji daɗi."

Ya share ido da bakin rawani.

"Maganar ƙauye na janye ta. Ƙanwata ta nemi kyanwa ta taya ta zama."

Falon ya kwashe da dariya, har shi.

To daga nan aiki ya dawo sabo, don yanzu yara uku ake nema, ba biyu ba.

Gwaggo ta ce wa Suwaiba, "Na ce ba za ki zaɓa ba, kuma ba za ki zaɓa ba. Amma akwai abin da kike so manya su sani kafin su yanke?"

Yarinyar ta goge fuska ta ce, "Kar a raba ni da su Jabir. Nusaiba ba ta yarda kowa ya yi mata kitso sai ni. Kuma ina son makarantarmu."

Gwaggo ta ce, "An ji. Je ki wurin ƙannenki."

Ni ma aka kore ni tare da ita, amma daga baya Barira ta gaya mini yadda aka ƙare.

Ba wanda ya ci, ba wanda aka ci.

Yaran uku ba za a raba su ba. Ranakun makaranta suna wurin uwa, a gidan iyayenta, don ya fi kusa da makarantarsu. Asabar da Lahadi suna wurin uba, Jabir ya je shago ya ga sana'ar da ake ta magana. Ƙaramar salla a nan, babba a can, baɗi a juya. Ci da sha da makaranta a wuyan uba, wannan da ma bai taɓa musu ba.

Su suka tsara abinsu, Gwaggo tambaya kawai take jefawa. In ɗaya ya yi rashin lafiya fa? In Barira ta yi wani auren fa? In Malam ya yi? Duk sai da suka ba ta amsa, dattawa suka shaida, aka shafa fatiha. Ta ce su dawo bayan ɗan lokaci a ga abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba.

Akwai sharaɗi ɗaya da Barira ta kawo da kanta. Ta ce Abban Suwaiba ya daina laɓewa a bayan mai lemo. Ya fito fili ya kama hannun 'yarsa ya tsallakar da ita.

Kun ji abin da ta kira shi?

Ta ce shi ma sai da ya waiga ya ga ko da wani take.

Da za su tafi, Jabir ne ya ɗauko jakar bakko daga falo yana tambayar ta wace ce. Mai ita ta manta da ita.

Na san wasunku suna jira in ce an mayar da aure. Ba a mayar ba. Sun rabu, kuma har yanzu a rabe suke. Amma sun fita daga gidan nan suna gaisawa, ya tare musu adaidaita, ta ce ya gaida mutan gida.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta kira ni a waya tana dariya. Wai Malam Tukur ya aiko mata da sabon mafici. Ba a jima ba ga na Barira, ba wanda ya san ɗayan ya aiko.

Ta ce, "Yanzu ina da biyu, Zulai. In na ba kowa ɗaya ai sai a kwana ana magana."

Watannin baya na haɗu da su a wani biki. Ban ma gan su ba, murya na fara ji daga can ƙarshen rumfa.

"Suwaiba! Suwaiba!"

Na juya, ga Barira a tsakiyar mata, ga tsofaffi a zaune, ko a jikinta.

Yarinyar ta taho da gudu, ta gan ni, ta rungume ni. Ta yi ƙiba, ta yi haske, bakin nan ya buɗe.

Na ce, "Je ki, Umma na kira."

Ta ce, "Anti rabu da ita, ba abin da za ta ce. Yanzu ko ruwa za ta sha sai ta kira ni. In na zo ta ce ta manta abin da za ta aike ni."

Na ce, "Ya ishe ki ke nan?"

Ta yi dariya, ta girgiza kai.

"A'a. Wani lokacin ina ji sarai, sai in yi shiru don ta sake kira."

Darasi:

Aure yana iya ƙarewa, amma uwa da uba ba sa ƙarewa. In zama ya ƙi, kar ku raba yara a cikin fushi, kuma kar ku raba su a cikin kunya. Ku nemi mutum mai hankali da amana wanda ba ya goyon bayan kowa, ya zaunar da ku, ya ji kowa, a taro da kuma a keɓe, ya tambayi abin da kuka kasa faɗa.

Kuma yaro ba ya ganin naman da ke ƙasan kwano a matsayin so, in ba a gaya masa ba. Abin da ya ji da kunnensa shi yake ɗauka. Yau ɗin nan, ka kira ɗanka na fari, ki kira 'yarki ta fari, da sunan da aka raɗa musu. Ba sai da aike ba.

In kai ɗan fari ne, ko ke 'yar fari ce, rubuta mini sunanki a ƙasa, ni zan kira shi da babbar murya. Sannan ku tura wannan ga duk wasu iyaye da kuka san suna kan rabuwa, tun kafin wata yarinya ta fara haɗa kayanta.

Wanda kuma zai bi ta Zariya, don Allah ya karɓo mini madambacina.